Ranar da Baba ya kira tsuntsayen da suka tafi

Mai rai ya karɓi abinsa. Baba ya rasu da hantsin wata Laraba, ana cikin sassabe, kafin azahar an kai shi makwancinsa a gabas da gari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ce 'yar farinsa, saboda haka ni aka zaunar kusa da Gwaggo, ƙanwarsa, a tabarmar karɓar gaisuwa. Darnin kara ne kawai ya raba mu da maza, duk abin da aka faɗa a gindin dogon yaro yana shigo mana. Samarin gari suna ta cewa, "Allah Ya jiƙan tsohon itace," don su iyakar abin da suka sani ke nan: wani tsoho mai giɓi, marar yawan magana, wanda ke yini a gona da 'yar wuƙarsa yana gyaran tohon sabara da kalgo. Wani sabon malami da ya zo daga Tasawa ya ja doguwar addu'a, ya rufe da gode wa Allah da Ya sa marigayi ya tuba daga wasa tun da sauran ƙarfinsa. Na ji wannan na haɗiye. Amma da sa'o'in Baba, 'yan tsirarun da suka rage, suka buɗe baki, sai da Gwaggo ta danne mini gwiwa.

"Kai, ranar sojan nan hwa!" in ji ɗaya. "Tun da anka haihe ni ban ga wasa irin na ranar ba."

"Duk tsuntsun da Allah Ya halitta sai da ya kira shi," in ji wani. "Har gauraka. Sojan da kainai ya tashi tsaye shina jinjina mishi."

Suka yi 'yar dariyar da tsofaffi kan yi a wurin makoki, wadda ake rufewa da Allahu Akbar. Mutum ɗaya ne bai sa musu baki ba, wani tsohon Bafillace, abokin Baba tun suna yara. Ya ɗora haɓa a kan sandarsa yana kallon ƙasa har aka shafa fatiha.

Ranar da suke yabon nan, a cikinta aka yanke wa 'yata hukunci, a gaban idona, ana guɗa. Bokon yaƙi da jahilci kawai gare ni, amma ya isa in rubuta abin da na gani. Ba na son a manta da Baba, kuma ba na son a tuna shi yadda mutanen gindin dogon yaro suka tuna shi.

Kakanninmu maharba ne. Sun koyi kukan tsuntsaye don su yaudare su zuwa bakin kibiya. Baba bai taɓa son harbi ba, kukan kawai ya ɗauka, da kan burtun da ubansa ya bari. Wani sassaƙe ne mai dogon baƙin baki, an manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, maharbi kan ɗaura shi a goshi ya sunkuya don namun daji su zaci tsuntsu ne. Da shi Baba yake shiga fili ranar wasan tsuntsaye.

Sau ɗaya ake yin wasan a shekara, bayan dammunan hatsi sun shiga rumbu, a masussukar da ke bakin tabki, da la'asar sakaliya. Har daga wajen Attantane mutane kan zo a kan jakuna. Makaɗi ɗaya ne da ganga, sai Baba a tsakiya, ya yafa baƙin zane, ya sunkuya yana takun burtu. Da leɓe da harshe yake yi, wani sa'i ya dunƙule hannuwa a baki, wani sa'i ya sa tsinken kaba. Kowane gida a garinmu da tsuntsunsa. Gidan mai gari gauraka, gidan liman kurciya, maƙera cilakowa, masaƙa marai, Fulanin ruga carki mai bin bayan shanu. Mahauta sun daɗe suna neman a ba su shaho, amma hankaka aka ba su, har yau suna ƙorafi. Namu kuwa kirinjijiya ce, 'yar agwagwar tabki mai fito siriri. In Baba ya yi kukan tsuntsun gida, sai yaran gidan su fito da zannuwa a kafaɗa kamar fukafukai su yi rawar tsuntsunsu, iyaye mata na guɗa.

Doka ɗaya ce a wasan, kuma Baba bai gaji da faɗarta ba: "Abin da kunnena bai ji ba bana, bakina ba shi hwaɗinshi." In shekara ta zagayo bai ji wani tsuntsu ba, da an zo gurbinsa sai ya tsaya cak, ya kama kunne da hannu, ya juya gabas, ya juya yamma. Makaɗi ya kwantar da tafinsa a kan fatar ganga. Yaran gidan su tsaya da zannuwansu a hannu, babu rawa. Sannan dattawa su juya ga mai gidan su ce, "Ina kunka kai tsuntsunku?" Daga nan sai tone-tone, wa ya sare icen da take ƙwai a kogonsa, yaran wa suka kwashe ƙwai, wa ya sa wa fadama wuta. Gidan da aka tambaya su ne da gadin wurin har shekara ta dawo. Na ga babban maƙerin garinmu, mutumin da ko mai gari ke shakkarsa, yana share gumi a gaban yara don ya ƙone wata tsohuwar kirya ya yi gawayi, cilakowa ta bar gari.

A gida kuwa zama da Baba sai haƙuri. Daga sallar asuba har rana ta ɗaga ba ya magana da kowa. Zai fita bayan gari ya tsaya, in ka gaishe shi sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya, wato yi shiru, ana magana. Inna takan ce ita ta auri mutum, ashe surukanta duk a kan itace suke. Bai taɓa kiran sunana ba, kunyar 'yar fari, "ke wannan" nake a bakinsa har ya koma ga Allah. Ba shi da faɗa, ba ya iya musu da na gaba da shi ko da yana da gaskiya. Ni ban gado shi a nan ba, kowa a garinmu ya sani.

Fari na farko ya zo ina amarya, sama ta hana ruwa. Shanun abokinsa Bafillace suka mutu ɗaya bayan ɗaya har ya rage daga shi sai sanda. Da babu shanu, carki ya ɓace. Da kaka ta gabato, Bafillacen ya zo ya ce, "Kaɗo, na ji carki jiya can wajen rijiya, wallahi na ji shi." Baba ya ce, "Kunnenka ne ya ji, ba nawa ba." Suka rabu ba daɗi. Washegari Baba ya ɗauki gorar ruwa ya kama hanyar kasuwar Mayahi a ƙasa, babu abin da zai saya, babu abin da zai sayar. Ya je ya tsugunna a kara, cikin ragowar shanun fatake, yini guda, har Allah Ya kawo wani carki ya sauka a doron wani bijimi ya yi kuka. Ya dawo ƙafa a kumbure. Ranar wasa ya kira carki, 'ya'yan mutumin da ba shi da ko maraƙi suka fito suka yi rawarsu kamar kowa, babu wanda ya tambayi ubansu inda ya kai tsuntsunsa.

Mu kam ba mu samu wannan ba. Tabki ya daina riƙe ruwa, kirinjijiya ta tafi. Baba ya zo gurbin tsuntsuwar gidansa ya kama kunne, dattawa suka tambaye shi kamar yadda ake tambayar kowa. Ya amsa daga ƙarƙashin kan burtu, "Mun nome bakin tabki har cikin laka, rairai ya cike shi. Da hauyata a ciki." Tun daga shekarar gidanmu bai sake rawa ba, kuma kowace kaka tsayuwar kama kunne ƙaruwa take yi.

Waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sun ga mutumin da ya ƙi share gonarsa ƙal kamar ta kowa. Duk kututturen da ya yi toho sai ya zaɓi reshe biyu ko uku ya bari, ya datse sauran. An yi masa dariya, an ce tsufa ya sa shi ƙazantar noma. Daga baya, da iska ta daina binne masa shuka, masu dariyar suka fara leƙen yadda yake yi. Wasu masu furoje, ma'aikatan raya karkara, sun taɓa zuwa da mota da na'urar ɗaukar murya, wai a farfaɗo da wasan tsuntsaye don a wayar da kan jama'a. Ya ba su tabarma, ya ba su ruwa, ya buɗe baki ya nuna musu giɓinsa. Suka yi masa sannu suka tafi.

Ni da shi mun yi shekaru daga gaisuwa sai gaisuwa. Na riƙe shi a zuciya, ya sani, bai taɓa neman ya wanke kansa ba. Wata rana da safe na kai masa fura gona, na buɗe baki zan yi sallama, sai ya ɗaga mini yatsa. Can cikin sabarar da ya raya, fakara ce take kuka, wadda rabona da jin ta tun ina budurwa. Muka tsaya ni da shi har ta gama. Ya karɓi ƙwaryar ya ce, "Ke wannan, zamna ki sha." Na zauna. Iyakar sulhunmu ke nan, kuma na gode Allah da aka yi shi.

Ga abin da ya shiga tsakaninmu.

Fari na biyu ya fi na farko mugunta. Lokacin soja sun daɗe a kan mulki. Hatsi ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Mijina ya tafi kudu neman abin da za mu ci, aka rufe iyaka a bayansa, ko saƙon baki ban samu ba. Na dawo gidan Baba da 'yata guda, ba ta cika shekara huɗu ba. 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa mu zubar da ruwan ɗacin mu ci, da ganyen jiga, da dusa in an samu. Cikin babba ma da ƙyar yake riƙe wannan, balle na yarinya. Gashinta ya yi ja ya fara zubewa, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Amma bakinta bai mutu ba. Wasan jika da kaka ne tsakaninta da Baba, tana ce masa "mijina rago", yana ce mata "amarya". Kullum da safe sai ya saɓa ta a wuya su tafi sauraro bayan gari. Su dawo ta ce mini, "Hankaka kawai, Inna. Mijina bai iya nemo tsuntsu ba."

Sai labari ya zo cewa wani babban soja yana zagaya ƙauyuka don ya ga inda yunwa ta fi tsanani, kafin a fara aika kamyo, manyan motocin kaya, da jar dawar taimako. An ce kowane gari ya tarbe shi da wasan samari. Na ji wannan na yi hamdala, na ce in dai ido ne zai yi aiki, 'yata ta tsira, don ko makaho ya shafa ƙafarta ya san halin da muke ciki.

Na manta da irin mutanen da na fito cikinsu. Mu a nan, mutum zai wuni ya kwana bai sa komai a baki ba, in baƙo ya yi sallama sai ya ɗauki tsinke yana sakace. Mai gari a lokacin Baffa ne, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Ana gobe sojan zai zo, Baffa ya tako har gidanmu da la'asar, abin da bai saba ba, ya zauna a kan turmi.

"Gobe duk za ka kira su," ya ce wa Baba. "Ban son tsayuwar nan taka ta kama kunne."

"Yaya, mi zan kira? Hankaka na ji bana, da shirwa. Kurciya ma sai jehi-jehi."

"Ka tsaya gaban soja shiru, ganga shiru, gari shiru, ka san abin da za shi ɗauka? Cewa za shi yi zambo munka shirya ma gwamnati, wai ƙasa ta mutu a hannunsu. An ɗaure masu gari kan abin da bai kai wannan ba. Ɗana ne sarkin samari, shi za su hwara jehwawa mota. Kuma mutum in ka hwaranta mishi, shi ne za shi tuna ka wurin rabo."

Ina bakin murhu ina jin su. Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Baffa, ba yunwa ya zo gani ba? A bar shi ya gani mana! A hiddo mishi yaran nan ya duba ƙahwahunsu!"

Baffa ya dube ni sama da ƙasa. "Mu hiddo tsiraicinmu gaban baƙo? Garin ubana? Ke da wa kike magana?"

"Ke wannan, koma ciki," in ji Baba.

Da Baffa ya tafi na same shi yana shafa wa kan burtu toka. Na ce, "Baba, kai ka ce abin da kunnenka bai ji ba bakinka ba shi hwaɗi."

Ya ce, "Wana ne. Tun da muke bai taɓa roƙona komi ba."

Na ce, "In ka kira su, ƙarya ka yi."

'Ya ba ta faɗa wa ubanta haka, amma na faɗa. Bai ɗago ba. Don Allah kada mai karatu ya ɗauka Baffa mugu ne. Tsoron da yake ji na gaske ne, a zamanin mutum kan yi tari a inda bai kamata ba ya kwana a ɗaure. Shi ma jikokinsa anza suke ci.

Washegari gari ya tashi da aikin rufin asiri. Aka buɗe tukwanen iri, hatsin da aka ɓoye don shukar baɗi, aka daka aka dama fura. Bafillace ya kawo ɗan nonon akuyar da ta rage masa. Aka yanka ragon ƙarshe na gidan liman. Duk wanda kumburi ya kama sosai aka shigar da shi ƙuryar ɗaki aka saki labule. Mata suka lakato ragowar man gyaɗa suka shafa a fuska da ƙwauri. Na yi niyyar in ɗauki 'yata haka nan in ajiye ta a gaban kujerar sojan, amma Gwaggo ta karɓe ta, ta ɗaura mata zanen da ya rufe har tafin ƙafa, ta naɗa mata kallabi ya ɓoye jan gashin. Ta ce, "Kar ki ja ma ubanki abin kunya."

Aka taru a masussuka, tabki a bayanmu duk ya tsage. Motoci suka iso. Sojan ba tsoho ba ne, kuma fuskarsa ba ta mugunta ba ce, gajiya ce kawai a cikinta. Ya zauna, aka miƙa masa fura ya sha, aka kawo nama ya taɓa. Ganga ta tashi, Baba ya shigo a sunkuye.

Ya fara da kurciya, yaran gidan liman suka fito. Ya yi hankaka, mahauta suka fito ana dariya. Sai gurbin cilakowa, wadda rabon garinmu da ita an daɗe. Baba ya tsaya. Na ga hannunsa ya taso zai kama kunne, makaɗi har ya sassauta. Ya juya wajen da Baffa yake zaune. Sannan hannun ya wuce kunne ya tafi baki, kukan cilakowa ya fito tas.

Zan faɗi gaskiya ko da tana ƙona ni, tsofaffin gindin dogon yaro ba su yi ƙari ba. Baba bai taɓa wasa irin na ranar ba. Ya kira fakara, ya kira suda, ya kira marai kamar garkensu guda ne ya sauka a kan gawo. Ya dunƙule hannu ya yi gauraka, sai ka rantse damina ce a fadama. Tsofaffin mata suna guɗa suna hawaye. Yaran da safiyar nan ba sa iya korar ƙuda daga fuskarsu suka tashi suna tsalle da zannuwa. A ƙarshe ya yi fiton kirinjijiya, siriri, sau uku-uku yadda take yi in ta taso daga ruwa. An haifi 'yata bayan tabki ya ƙafe, ba ta taɓa jin tsuntsuwar gidansu ba, don kakanta bai taɓa yarda ya yi mata ba. Ta zame daga cinyar Gwaggo, ta buɗe hannuwa, ta yi taku kaɗan a kan kumburarrun ƙafafun nan, ta faɗi zaune tana ƙyalƙyala dariya. Mutane suka yi ta tafa mata.

Sojan ya miƙe ya jinjina wa Baba. Ya ce, "Bon. Na zaga garuruwa da yawa, ko'ina kuka ake yi mini. Nan kaɗai na tarar da mutane tsaye da ƙafafunsu. Ga fura, ga nama, ga wasa. Ku abin misali ne." Guɗa ta kaure, Baffa yana murmushi yana gyara rawani. Cikin guɗar sojan ya juya ga wani na kusa da shi ya ce, ba da ƙarfi ba, "Waɗannan za su iya jira. A fara da waɗanda suka faɗi."

Ina kusa, na ji. Baba ya fi ni kusa. Burtu ba ya miƙewa tsaye a cikin wasa, a sunkuye yake shiga, a sunkuye yake fita. Ranar na ga Baba ya miƙe sambal a tsakiyar fili, baƙin zanen ya zame ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

Bayan 'yan kwanaki muka fara jin ƙugin kamyo a hanyar arewa da gari. Yara su ruga, su tsaya a kan tudu, su ga ya wuce. Irin shuka ya riga ya tafi a fura. 'Yata ta daina karɓar anza, zawo ya kama ta, ta daina tashi. Baba ya je wurin Baffa ya ce su tafi tare su faɗi gaskiya. Baffa ya ce, "In je in ce ma soja ƙarya munka yi mishi? Ka san inda za mu kwana?" Baba ya dawo gida, ya sa kan burtu a burgaminsa na fata, ya kama hanyar garin da aka tara dawar a mangaza, wato babban sito. Ba zan ambaci garin ba. Bafillace ne ya bi shi a baya, kuma daga bakinsa na ji abin da ya faru, don Baba bai taɓa ba da labarin ba.

Sun tarar da layin mutane a ƙofar mangaza, kowane gari da ranarsa. Baba ya roƙi masu gadi su bar shi ya ga sojan, suka ce ya tafi, garinsu ba ya cikin na yanzu. Ya ce yana da magana, suka ce kowa a nan yana da magana. Baba ba mai iya jayayya ba ne, abu ɗaya ya iya. Sai ya ja gefe, ya ɗaura kan burtu, ya sunkuya a cikin rana, ya fara wasan yadda ya kamata a ce ya yi shi. Ya yi kurciya, ya yi hankaka, ya yi shirwa. Sannan ya kama kunne ya juya gabas, ya juya yamma, ya taka gaba kaɗan ya sake kama kunne, gurbi bayan gurbi. Babu ganga, babu wanda ya san ma'anar tsayuwar a garin. Aka ɗauka yunwa ce ta taɓa masa kai. Yara suka yanyame shi suna dariya, layi ya wargaje, wasu suka samu hanyar kutsawa gaba. Wani mai gadi ya fusata ya taho ya kai masa gindin bindiga a baki.

Leɓensa na sama ya rabe biyu, haƙoran gaba suka zube, kan burtu ya faɗi ya tsage aka tattake shi. Bafillace ya ja shi zuwa inuwa. Wata mata daga cikin layin, wadda ba ta san shi ba, ba ta tambayi ko daga ina yake ba, ta cire masa hula ta zuba masa dawa daga cikin nata rabon, ta mayar masa a hannu.

Sun iso gida bayan azahar. Baba ya naɗe bakinsa da bakin rawani, jini ya bushe a jiki, hular tana rungume a ƙirjinsa. Na karɓa ban ce masa sannu ba. Na niƙa, na dama kunu, na ɗago kan 'yata na ba ta. Ta kurɓi rabin ludayi ta kawar da fuska. Sai idonta ya sauka a kansa, yana tsugune a bakin ƙofa.

"Mijina," ta ce, muryar kamar daga cikin tulu, "wa ya buge ka?"

"Hwaɗuwa na yi, amarya."

"Yi min ta ruwa."

Ya dube ni. Ban hana ba, ban kuma ce ya yi ba. Ya matso a kan gwiwoyinsa har bakin tabarma, ya kwance rawanin a hankali. Ya tattara leɓen nan zai yi fito, ɓawon ciwon ya ɓare, jini ya gangaro masa a gemu. Iska ce kawai ta fito. Ya goge da bayan hannu ya sake. Ya sa yatsu ya haɗe tsagar ya sake. Babu komai sai huci.

Ta ce, "Kai rago ne. Ran nan ka iya."

Ya ce, "Bari bakin shi warke, amarya. Da ya warke zan yi miki."

Ta ce, "To."

Ta juya ta sa fuskarta a ƙirjina. Kafin a kira la'asar ta cika. Shi ya ɗauke ta a hannu zuwa gabas da gari, bai bar kowa ya taya shi ba. Kamyon garinmu ya iso daga baya, ya ceci mutane da yawa, har da ni, na ci dawar nan ina kuka. Leɓen Baba ya haɗe a karkace, bai sake fitar da fito ba har ranar Larabar nan.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa ranar da ya bi wansa, Ka yafe wa wan nasa, Ka saka wa matar da ta cika masa hula. An haƙa masa kusa da jikarsa, ni na roƙi a yi haka. Ya Ubangiji, yarinya ce, kuma ya yi mata alkawari. Ka warkar masa da bakin.